Shin Koyarwar Kiristanci ta Asali Gurguzu Ce?

A sashe na 12 na tsarin mulkin da Stalin ya ba Tarayyar Sobiyet a 1936, an rubuta cewa wanda ba ya aiki kada ya ci. Shekara biyar kafin nan, gwamnatin nan ce ta sa nakiya ta rushe babbar majami'ar birnin Mosko. Amma jimlar da ta ɗora a tsarin mulkinta ba daga bakin Karl Marx ta fito ba. Manzo Bulus ne ya rubuta ta a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Kiristocin Tasalonika. A 2013 kuma, wani ɗan majalisar wakilan Amurka mai suna Stephen Fincher ya jawo ayar nan lokacin da yake goyon bayan a rage kuɗin tallafin abinci da ake ba talakawa. Ɗan kwaminis ya kafa hujja da ita, ɗan jari-hujja ma ya kafa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jifan juna da ayoyi ba zai raba gardamar nan ba.

Abin da na fahimta shi ne, ƙarar da gurguzu ya shigar a kan masu tara dukiya, Linjila ta riga shi shigar da ita, da muryar da ta fi tasa kaushi ma. Amma maganin da gurguzu ya zo da shi ba nata ba ne. Mutane biyu ne ke kuskure a nan, sai dai kuskuren ɗaya ya fi na ɗayan muni, kuma zan zo kansa.

Gurguzu ɗan ƙarni na 19 ne. An haife shi a Turai, a cikin hayaƙin masaƙun Manchester da ramukan haƙar kwal, inda yara ƙanana ke aiki daga asuba zuwa dare, mai masana'anta kuma yana kwashe riba. Tambayarsa ita ce: wa ya kamata ya mallaki abubuwan da ake samar da arziki da su, wato ƙasa, masana'antu, ma'adinai da bankuna? Amsarsa ita ce al'umma baki ɗaya, ba ɗaiɗaikun mutane ba. Daga nan ya yi rassa. Akwai reshen Marx da Lenin, mai cewa sai ma'aikata sun ƙwace mulki da ƙarfi. Akwai na jam'iyyun ƙwadago irin na Ingila da Suwidin, waɗanda suka yarda da zaɓe da kasuwa, suka dogara ga haraji da ƙungiyoyin ƙwadago. Duk wanda ya ce Kiristanci gurguzu ne, ko ya ce ba shi ba ne, ya kamata a fara tambayarsa wanne yake nufi.

Hujja mafi ƙarfi ta masu cewa e tana cikin littafin Ayyukan Manzanni na Sabon Alkawari, sura ta 2 da ta 4. An ba da labarin jama'ar farko ta masu bi a Urushalima: ba wanda yake cewa abin da ya mallaka nasa ne shi kaɗai, masu gonaki da gidaje suna sayarwa su kawo kuɗin gaban manzanni, a raba wa kowa gwargwadon buƙatarsa, har ya zama babu matalauci a cikinsu. Wanda ya san taken da Marx ya yi amfani da shi a 1875, cewa kowa ya bayar gwargwadon iyawarsa, kowa ya karɓa gwargwadon buƙatarsa, zai ji kamar ya taɓa jin maganar. Friedrich Engels, abokin aikin Marx, da kansa ya yi rubutu a 1894 yana kwatanta Kiristocin farko da ƙungiyar ma'aikata ta zamaninsa, domin duka biyun sun fara ne a tsakanin talakawa da waɗanda aka danne.

Maganganun Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, sun fi wannan zafi. A majami'ar Nazarat ya karanta cewa an aiko shi ya yi wa matalauta albishir. A Linjilar Luka sura ta 6 ya sa wa matalauta albarka, nan take ya juya ya ce kaiton masu arziki, don sun riga sun sami tasu ta'aziyyar. Wani attajiri ya zo yana tambayar hanyar rai madawwami, ya ce masa ya je ya sayar da abin da ya mallaka ya ba talakawa. Mutumin ya tafi yana baƙin ciki, shi kuma ya ce wa almajiransa ya fi sauƙi raƙumi ya bi ta kafar allura da mai arziki ya shiga Mulkin Allah. A labarin Li'azaru, ba a ce attajirin ya yi sata ba, ba a ce ya doki kowa ba. Laifinsa kawai shi ne yana shagali kullum, ga mutum kwance a ƙofar gidansa jiki duk miki, karnuka na lasa, bai ɗaga ido ya dube shi ba. Wannan ya kai shi wuta.

To amma a dubi sura ta 5 ta Ayyukan Manzanni da kyau, domin a nan hujjar take tsagewa. Hananiya da matarsa Safiratu sun sayar da fili, suka ɓoye wani kaso na kuɗin, suka kawo saura kamar shi ke nan. Manzo Bitrus bai ce masa ya ci amanar dukiyar jama'a ba. Tambayarsa ya yi: kafin ka sayar ba naka ba ne? Da ka sayar kuma, kuɗin ba a hannunka suke ba? Laifin da aka kama shi da shi ƙarya ce ga Allah. Hananiya ya faɗi matacce, samari suka naɗe shi suka kai shi kabari, bayan kamar awa uku matar ta shigo ta maimaita ƙaryar, ita ma ta bi shi. Labari ne mai ban tsoro, amma a tsakiyarsa akwai shaida ƙarara cewa filin mallakar Hananiya ne, kuma ba wanda ya tilasta masa sayarwa.

Sauran littafin ma haka yake nunawa. A sura ta 12, Maryamu uwar Yahaya Markus tana da gidanta a Urushalima, har da baranya mai suna Roda. A Filibi, Lidiya 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada, ta karɓi baftisma, ba a ce ta rufe kasuwancinta ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, rabin dukiyarsa ya ba talakawa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu, Yesu kuma ya ce ceto ya sauka a gidan nan, bai nemi ɗayan rabin ba. Zaman Urushalima ya fi kama da gandu a gidan manomi: ana ci daga rumbu ɗaya, babu wanda zai kwana da yunwa, amma kowa yana iya riƙe gayaunarsa. Wani abin lura kuma, abin da suka haɗa abin ci ne da abin kashewa. Ba su haɗa jiragen kamun kifi ko gonakin inabi suka ce na kowa da kowa ne za a riƙa nomawa tare ba. Sayarwa suke yi a kasuwa su raba kuɗin. Tambayar da gurguzu ya taso dominta, wato mallakar hanyoyin samar da arziki, ba su ma yi ta ba. Ba da daɗewa ba kuma rabon ya kawo ƙorafi: masu jin Helenanci suka ce ana tauye matansu da mazansu suka mutu wajen rabon abinci na kullum, sai da aka zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanas, su kula da aikin. Bayan wasu shekaru Bulus yana zagaya ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya yana tara wa talakawan Urushalima gudummawa.

Daga nan ne masu kare jari-hujja suke yin tsalle su ce shi ke nan, sadaka ce ta ganin dama, wanda ya so ya bayar, wanda bai so ba ya riƙe abinsa. Wannan shi ne kuskuren da na ce ya fi muni, domin yana ɗaukar rashin tilas na hukuma ya mayar da shi rashin wajibi. Gaskiya ne Bulus, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, ya ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a ransa, ba da tilas ba. Amma a cikin wasiƙar nan dai, sura ɗaya kafin wannan, ya ce manufar ita ce a sami daidaito, yalwar wannan ta toshe rashin wancan. A Matiyu sura ta 25, inda aka siffanta ranar shari'a, ma'aunin da aka raba mutane da shi shi ne: na ji yunwa kun ba ni abinci ko ba ku ba ni ba, ina tsirara kun tufasar da ni ko kun ƙyale ni, ina kurkuku kun zo ko ba ku zo ba. Abin da rashin yinsa ke kai mutum ga hukunci na har abada ba a kiransa ganin dama.

Attaura kuwa, wadda Yesu ya tashi a cikinta, doka ta kafa, ba nasiha ta yi ba. Manomi ba shi da izinin girbe gonarsa har gefe, ko ya koma ya tsince abin da ya zuba, wannan kalar matalauci da baƙo ce. An hana karɓar ruwa a kan bashin da aka ba ɗan'uwa matalauci. An hana kwana da ladan ɗan ƙwadago. Duk shekara ta bakwai a yafe bashi. Duk shekara ta 50 kuma gonar da aka sayar ta koma hannun dangin da suka sayar, domin Allah ya ce ƙasa tasa ce, mutane baƙi ne a kanta. Masana da yawa suna shakkar ko an taɓa aiwatar da wannan doka ta shekara ta 50 yadda aka rubuta ta, amma manufarta a fili take: kada a bar wasu 'yan tsiraru su haɗiye ƙasa har abada. Sai dai a duba inda gonar take komawa. Hannun iyali take komawa, ba hannun sarki ba. Da Sarki Ahab ya so gonar inabin Nabot, har ya yi tayin biya ko musanya, Nabot ya ce ba zai ba da gadon kakanninsa ba. Yezebel, matar sarkin, ta ƙulla masa sharri aka jajjefe shi, Annabi Iliya ya tari sarkin a cikin gonar da la'ana. Littafin da ya ɗaure hannun attajiri shi ne kuma ya ɗaure hannun mai mulki. Ɗan gurguzu yana son rabin farko, ɗan jari-hujja yana son na biyu.

Manyan malaman ikilisiya na farko ba su sassauta ba. Wajen shekara ta 369 aka yi fari da yunwa a Kafadokiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Masu hatsi suka kulle rumbuna suna jiran farashi ya hau. Basil na Kaisariya, wanda ɗan gidan masu arziki ne, ya sayar da gadonsa ya sayi abinci, ya kafa tukwane yana ciyar da jama'a, ya hau mumbari yana faɗa wa attajirai ido da ido cewa gurasar da suka ɓoye ta mai jin yunwa ce, rigar da ke cikin akwatinsu ta matsiraici ce, takalmin da ke ruɓewa a ɗakinsu na mai tafiya ba takalmi ne. Ya ce wanda ya tuɓe wa mutum riga ana kiransa ɓarawo, to wanda yake da halin tufasar da matsiraici ya ƙi, wane suna ya dace da shi? Daga baya ya gina wata unguwa guda a bayan gari, da asibiti, masaukin baƙi da wurin kula da kutare. Amma ko shi, da wa'azi ya buɗe rumbunan, bai nemi soja su fasa su ba. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya tsara matsayin da Katolika ke kai har yau: halal ne mutum ya mallaki dukiya, domin an fi kula da abin da ke da mai shi, amma wajen amfani da ita ya ɗauke ta kamar ta kowa ce, kuma wanda yunwa za ta kashe idan ya ɗauki abin da zai ceci ransa bai yi sata ba.

Ainihin inda hanyoyin suka rabu ba a kan dukiya ba ne, a kan iko ne da kuma inda kowa yake ganin tushen mugunta. Marx ya ga tarihi a matsayin kokawa tsakanin masu dukiya da masu ƙwadago, wadda ba za ta ƙare ba sai ɓangare ɗaya ya kayar da ɗayan. Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiyi, ya ci abinci a gidan masu karɓar haraji, ya ce wa Bitrus ya mayar da takobinsa kube, ya ce wa Bilatus, gwamnan Rumawa, mulkinsa ba na duniyan nan ba ne. Da wani ya roƙe shi ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, ya ƙi zama alƙali, ya gargaɗe su duka a kan haɗama. Gurguzu yana cewa gyara tsari, mutum zai gyaru. Linjila tana cewa daga zuciya mugunta take fitowa, don haka duk tsarin da aka kafa, mai zuciyar nan ne zai riƙe shi. Dole kuma a faɗi abin da ba ya yi wa kowa daɗi: Sabon Alkawari bai yi kiran a rushe bauta ba. Bulus ya mayar da bawan da ya gudu wurin ubangidansa Filimon, yana roƙon a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Wannan babban abu ne a cikin gida ɗaya, amma ba shirin sauya tattalin arzikin daular Rum ba ne, kuma 'yan tsirarun da ke jiran dawowar Ubangijinsu nan kusa ba su zauna tsara irin wannan shiri ba.

Sai kuma batun Allah kansa. Marx ya kira addini banjun da ke sa talaka barci. Zargin bai fito haka kawai ba, domin a ƙasashe da yawa coci tana cikin manyan masu ƙasa, tana kuma sa wa sarakuna albarka. A Habasha haka abin yake har sojojin Derg suka kifar da Haile Selassie a 1974, suka ƙwace filaye a 1975. Amma gwamnatin nan ce ta kashe shugaban cocin Orthodox na ƙasar, Abuna Tewofilos, a 1979. Albaniya ta haramta addini baki ɗaya a 1967. Da irin wannan reshe na gurguzu babu wata maganar jituwa.

Tun kafin duk wannan, Fafaroma Leo na 13, a wasiƙarsa ta 1891, ya ƙi yarda a soke mallakar dukiya, amma ya tsaya kai da fata cewa ma'aikaci yana da haƙƙin albashin da zai riƙe shi, da haƙƙin kafa ƙungiya, hukuma kuma wajibinta ne ta kare shi. A 1931 Fafaroma Pius na 11 ya ce mutum ba zai zama Katolika na ƙwarai kuma ɗan gurguzu na haƙiƙa a lokaci guda ba, amma a cikin wasiƙar nan ya yi tir da yadda dukiya da iko suka taru a hannun 'yan kaɗan. Wasu Kiristocin ba su ga wani karo ba ko kaɗan. Keir Hardie, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar Leba a Birtaniya, mai wa'azi ne. Tommy Douglas, wanda ya share fagen kiwon lafiya na gwamnati ga kowa a Kanada, faston Baftis ne. Irin gurguzunsu na akwatin zaɓe ne, kuma ban ga wata aya da ta haramta shi ba, kamar yadda ban ga wadda ta wajabta shi ba.

A Latin Amurka ne aka fi zubar da jini a kan tambayar. Bayan taron bishop-bishop a Medellín ta Kolombiya a 1968, da littafin da Fada Gustavo Gutiérrez na Peru ya fitar a 1971, limamai da yawa suka koma unguwannin talakawa suna cewa talauci ba ƙaddara ba ne, wasu ne ke ƙera shi. Akbishop Hélder Câmara na Brazil ya ce idan ya ba talaka abinci sai a kira shi waliyyi, idan ya tambayi abin da ya sa talaka ba shi da abinci sai a kira shi ɗan kwaminis. An harbe Akbishop Óscar Romero na El Salvador a ranar 24 ga Maris 1980 yana tsakiyar jagorantar ibada, kwana ɗaya bayan ya roƙi sojoji su daina kashe 'yan'uwansu. Romero ba ɗan Marx ba ne. Linjila ya karanta, ya ɗauke ta da gaske, wannan ya ishi masu mulki su ga abokin gaba. A 1984 fadar Vatican ta gargaɗi masu wannan tafiya a kan aron tunanin Marx, a 2018 kuma ta sa Romero cikin waliyyai.

Gwajin da ya fi kusa da mu na Julius Nyerere ne, shugaban Tanzaniya na lokacin, Katolika mai yawan ibada, wanda ya shelanta tsarin gurguzunsa na Ujamaa a Arusha a 1967. Da farko shiga ƙauyukan haɗin gwiwa ganin dama ne. Manoma ba su shiga yadda aka so ba, sai a 1973 aka mayar da shi dole, aka kwashe miliyoyin mutane daga gonakin kakanninsu, wasu a bayan motocin gwamnati. Karatu da asibitocin karkara sun bunƙasa, wannan ba a musunsa, amma noma ya ja baya, fari ya ƙara dagula lamarin, Tanzaniya ta koma sayen abinci daga waje. Ranar da aka tashi daga "ku zo" aka koma "dole ku zo", ranar aka bar Ayyukan Manzanni. Waɗanda suka riƙe zaman tarayya na gaske tsawon ƙarnoni su ne ɗakunan sufaye da Kiristocin da ake kira Hutterite, da suka fara a Morabiya, cikin ƙasar Cek ta yau, a 1528, yanzu suna Kanada da Amurka. Gona da injuna da asusu duk na kowa ne, amma da imani ake shiga, kuma da zarar ƙauye ya kai mutum wajen 150 sai a raba shi biyu.

Mai karatu Musulmi zai gane gardamar, don an yi irinta a Kano tun kafa NEPU a 1950, lokacin da ake jifan Malam Aminu Kano da mutanensa da sunan kwaminisanci alhali da Alƙur'ani da hadisi suke kafa hujja. Amma a cikin majami'un Nijeriya na yau, haɗarin da nake gani ba daga gurguzu yake zuwa ba. Daga wa'azin nan yake zuwa mai cewa arziki alamar yardar Allah ne, talauci kuma ƙarancin bangaskiya, inda ake ce wa matar da ba ta da kuɗin makarantar 'ya'yanta ta shuka iri a asusun mai wa'azin da ke yawo a jirgin sama na kansa. Wannan ya fi nisa da Luka sura ta 6 fiye da duk abin da Keir Hardie ya taɓa faɗa. Wasiƙar Yaƙub ta ce wa masu arziki su yi kuka, domin ladan waɗanda suka girbe musu gonaki, wanda suka danne, yana ƙara, kukan masu girbin kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Malamar makarantar kuɗi da ke bin albashin watanni, da mai gadin da ake biya ƙasa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da doka ta tsayar a 2024, suna cikin masu girbin nan, ko da mai makarantar dattijon ikilisiya ne.